Bindigar Urpo Mai Raɗa

Mijina Urpo bai taɓa kuskuren harbi ba tun da uwarsa ta haife shi. Shi da bakinsa ya faɗa, ni wace ce da zan yi musu. In harsashi ya wuce, to iska ce ta kaɗa, ko rana ta haske masa ido, ko dabbar ce ta yi rashin mutunci ta matsa. Hirbi kuwa, ƙatuwar barewar nan ta dajinmu, ta fi doki tsayi, sai mutum ya yi da gaske kafin ya kuskure ta. Urpo yana yi da gaske duk shekara.

Tun yana saurayi yake cikin ƙungiyar maharban ƙauyenmu, kuma bai taɓa yarda ya toshe kunne wajen harbi ba, wai wannan aikin 'yan birni ne. Ladan jarumtar kuwa ya same shi. Yanzu in ina so ya miƙo min gishiri, sai na ɗaga muryar da maƙwabta ma za su leƙo da nasu. Shi kuma in ya yi min raɗa a coci, har na kujerar baya sai sun san ra'ayinsa game da wa'azin.

Ranar da aka buɗe farautar bana, aka tsayar da shi a bakin dajin Aune, dab da shingen goɗiyarta. Aune tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da kowa sai goɗiyar nan Ruusu, wadda ta fi so a kan dukkanmu, kuma ban ga laifinta ba. Hirbi ta fito, Urpo ya ɗirka mata wuta, ya kashe bishiya. Hirbi ta yi gabas, goɗiya ta ɓalle shinge ta yi yamma, sai washegari aka same ta a bakin tafki da ƙafa a kurje.

Da yamma Reino, shugaban ƙungiya, ya zo gidanmu. Ya sha kofi, ya kalli taga, ya ƙara kurɓa, sannan ya buɗe baki.

"Aune ta ce kada wanda ya sake taka mata daji da bindiga."

"Ta ce a yi me da daji?" in ji Urpo.

Reino ya maimaita da ƙarfi. "Kuma ka san dajinta ne a tsakiya. In ta janye, filinmu ya rabu biyu, hukuma ba ta ba da izinin farauta a kan guntu-guntu. Ƙungiya ta mutu ke nan. Ta ce za ta yanke magana ranar walima."

Walimar nan ita ce ranar da maharba ke dafa romon hirbi su ciyar da masu dazuzzuka don godiya, a wurin kuma ake sabunta alkawari.

"Ƙara ce matsalarta?" in ji Urpo. "Ku bar min ita. Ni zan kashe ƙara a ƙauyen nan."

"Abu ɗaya nake roƙonka," in ji Reino. "Kada ka taimaka."

Urpo ya ce ba sai ya yi masa godiya ba.

Ranar Litinin ya tafi birnin Kajaani, ya dawo da wani baƙin ƙarfe mai kaurin damtsena, wanda ake murɗawa a bakin bindiga. Salansar bindiga ke nan. Mai shagon ya gaya masa tana rage ƙara, Urpo ya ce mai shagon yaro ne, bai san darajar kayansa ba. Ai ya sha gani a talabijin, ɗan leƙen asiri yana ta harbi a cikin ɗaki, mai gadi a bakin ƙofa yana cin abincinsa hankali kwance.

Tsautsayi kuma ba ya zuwa shi kaɗai. A makon ne 'yarmu Outi, wadda ke aikin jinya a Oulu, ta zo da tsarabar marufan kunne irin na zamani, masu batir. Aikinsu biyu ne, ƙaramin sauti su ƙara masa ƙarfi, babban sauti kuma su datse shi kafin ya kai kunne. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Shi kuwa ya riga ya kifa su a ka, ya saki baki yana kallon bango.

"Yaushe agogon nan ya fara ƙara?"

"Tun ranar bikinmu," na ce.

Outi ta sa shi ya rantse ba zai sake harbi ba sai da su. Ya rantse da sauri, don ya riga ya kamu da son su. Da su yake cin abinci, da su yake zuwa shago, da ƙyar nake raba shi da su in zai kwanta.

Gwajin farko a bayan ɗakin wankanmu aka yi, wajen tudun yashi. Ina tsaye ina soya kifi na ji tas, kamar an tsaga katako a tsakiyar kaina. Don gaskiya abin ya ragu. Da can in ya yi harbi tagogi ne ke rawa, yanzu kofuna ne kawai. Kifin dai a ƙasa na tsince shi.

Ya shigo yana washe baki. "Sirkka, kin ji wani abu?"

"Na ji. Kyanwa ma ta ji, tana kan kabad."

"Tsoronki kika ji, ba bindiga ba. Kin ga na fita da ita, zuciyarki ta ƙirƙiro ƙara."

"To kyanwar fa?"

"Ke ta gani kin firgita." Ya zauna ya fara lissafa min da yatsu. "Ina tsaye a wurin nan ina jin kukan tsuntsu. Ina jin ganye yana faɗuwa. Har ƙugin cikina ina ji. Kunnen da ke jin wannan duka, in akwai ƙarar bindiga zai rasa ta? Ɗan ƙwas kawai na ji, kamar an rufe littafi."

"Marufan ne suke datsewa. Outi ta gaya maka. Cire su ka gwada."

"In cire in ji me? Abin da babu? Kuma so kike in karya rantsuwa?"

Mutumin da bai taɓa cika alkawarin gyara min famfo ba, yau shi ne mai tsoron karya rantsuwa.

Daga nan kullum safiya sai an yi gwaji. Mutanen ƙauyenmu kuma kun san su, gara a cire musu haƙori da su kalli mutum su ce masa ya dame su. Sai dai su zagaya. Ranar da muka shiga shago, matar da ke kan kanta ta gaishe shi da fara'a.

"Urpo, yau ma ba mu ji komai ba. Tun da asuba muke ta rashin ji."

"Kin gani?" ya ce da ni.

"Kajina ma," in ji wani tsoho a bayanmu, "don tsabar ba su ji ba, sun daina ƙwai."

Urpo ya ce masa ya canza musu abinci. A hanya na fassara masa zancen, ya ce ai shi ya sani, akwai 'yan hassada a ciki, amma ko hassada ba ta iya cewa ta ji abin da ba ta ji ba.

Sai kuma ya ga ya kamata a gwada a fili. Ya tafi bakin tafki, inda ko tari ka yi sai ya tsallaka ruwa ya dawo maka. Bai lura da Eino maƙwabcinmu ba, wanda ke tsaye cikin ɗan kwale-kwalensa a bayan ciyayi yana jan raga. Urpo ya harba cikin gaɓar yashi, Eino ya yi tsalle, ya sauka inda babu kwale-kwale. Ruwan kaka ne, saura kaɗan ya daskare.

Eino ya zo gidanmu a jiƙe sharkaf, haƙora suna kaɗawa. Na ba shi bargo da kofi mai zafi. Ya zauna yana kurɓa, Urpo yana ta yi masa bayanin salansa.

"Ka faɗa ruwa ne?" Urpo ya tambaya daga ƙarshe.

"A'a. Na leƙa ne in ga ko kifaye sun ji."

"Sun ji?"

"Ban tarar da kowa ba."

Urpo ya yi dariya har da buga cinya, ya ce Eino akwai barkwanci.

Da labari ya kai wa Reino, ya sake zuwa, wannan karon ko hula bai cire ba.

"Saurara, Urpo. Salansa abu ne mai kyau, ni ma zan saya. Tana rage bugun da ke fita daga bakin bindiga, kunnen maharbi ya huta, na kare ma ya huta. Amma harsashin nan ya fi sauti gudu, yana tafe yana tsaga iska kamar bulala, wannan kuma babu ƙarfen da zai hana. Ragewa take yi. Abin da ya rage ɗin ma ya isa ya kurmantar da mutum, ya isa ya kori doki."

"Taka za ta rage," in ji Urpo. "Ya danganta da hannun da ya murɗa."

"Ranar walima ka bar bindiga a gida. Aikinka feraye dankali. Ni zan yi magana da Aune, kai ko gaisuwa kada ka tsawaita."

"Dankali," in ji Urpo. "To."

Wannan "to" ɗin na san ta, ita ya yi ranar da ya ce zai gyara rufin gida da kansa. Ana gobe walima na ɓoye makullin akwatin bindiga a cikin gwangwanin gari. Na manta cewa yanzu yana jin motsin cokali daga ɗaki uku.

Ranar ta zo. Zauren taron ƙauye ya cika, romo yana tururi, ga dankali, ga burodin hatsi da man shanu, Fasto ya yi addu'a gajera don shi ma yunwa yake ji. Aune ta iso a keken doki, Ruusu na ja, ta ɗaure ta a jikin shingen zauren ta lulluɓa mata bargo. Aka ba ta kujerar da ta fi kusa da murhu.

Reino ya yi aikinsa yadda ya kamata. Ya ba ta haƙuri ba tare da dogon zance ba, ya yi alkawarin ba za a sake tsayar da kowa kusa da shingenta ba, ya ajiye mata tsokar gadon baya, wadda ta fi ko'ina laushi. Aka zo da kofi, Aune ta ce ta ƙoshi. Aka sake tayi, ta ce kada a wahala saboda ita. A na uku ta tura kofinta gaba. Duk zauren aka sauke numfashi, don kowa ya san Aune ba ta shan kofin wanda za ta watsa wa ƙasa a ido.

Ni ce ke zuba mata. Na waiga wajen bokitin dankali, na ga wuƙa, na ga ɓawo, ban ga mijina ba.

Dabararsa, kamar yadda ya yi mana bayani daga baya, mai sauƙi ce. Zai zagaya bayan zauren inda aka jibge yashin zubawa a hanya, ya yi harbi uku yayin da Aune ke shan kofi, sannan ya shigo ya ba ta albishir cewa an yi harbi a bayanta ba ta sani ba.

Harbi na farko ya tashi. Kofin Aune ya bar hannunta ya sauka a cinyar Reino. Na biyu ya sa Fasto ya tsoma hannun rigarsa cikin romo har gwiwar hannu. Kafin na uku muka ji katako ya karye a waje, muka ruga taga, sai ga Ruusu ta miƙe hanya da keke babu kowa a ciki, tana jan rabin shingen zauren a bayanta. Eino ya fita da gudu ya bi ta da mota. Yara suna kuka, karnukan da ke cikin motoci suna haushi, wata tsohuwa tana ƙarƙashin tebur tana neman haƙoranta.

Kafin Urpo ya zagayo kowa ya koma ya zauna, don ba mu san abin da za mu yi ba. Ƙofa ta buɗe, ya shigo da marufan kunne a ka, bindiga a saɓe, ƙirji a gaba.

"Jama'a, wa ya ji wani abu?"

Babu wanda ya tanka. A wurinmu in fushi ya kai fushi shiru ake yi, Urpo kuwa ya ɗauka shaida ce.

"Kun gani? Ko mutum ɗaya." Ya taka har gaban Aune ya ɗan rusuna. "Uwargida, yanzun nan na yi harbi uku a bayan bangon da kike jingine. Uku. Ga shi kina zaune lafiya lau. Daga yau goɗiyarki za ta yi barci ana farauta a ƙarƙashin hancinta. Ba sai kin gode min ba, don ƙauye na yi." Ya dubi Reino. "Kai kuma me ya jiƙa maka wando?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shekara arba'in ina jin kunya a madadin mutumin nan, amma ta ranar daban ce.

Wayar Reino ta yi ƙara, ya saurara, ya ce Eino ya sami Ruusu a ƙofar bargarta, tana rawar jiki amma ba ta ji ciwo ba, keken ne dai ya rasa ƙafa ɗaya. Sai a lokacin Aune ta tashi. Ta gyara gyalenta, ta dubi Urpo sama da ƙasa.

"Abin mamaki," ta ce. "Ni tsohuwa ce, ban yarda da abin da ban gani ba. Mu je ka yi min ɗaya a gabana."

Duk zauren muka bi su zuwa tudun yashi. Urpo ya gyara tsayuwa, ya ce kowa ya matsa baya, ba don ƙara ba, don tsari. Yana ɗaga bindiga Aune ta miƙa hannu ta zare marufan daga kansa.

"Kawo in riƙe maka. Tunda babu ƙara, me za ka yi da su?"

"Na yi wa 'yata rantsuwa."

"Zunubin a wuyana. Fasto yana nan, ya ji."

Fasto ya ɗaga jiƙaƙƙen hannunsa ya ce ya ji. Aune ta kifa marufan a kanta, mu kuma kowa ya cusa yatsu a kunne. Urpo ya dube mu ya girgiza kai don tausayin jahilcinmu, ya ja kunama.

Jiki magayi. Mutumin nan ya yi tsalle baya, dunduniyarsa ta zame, ya zauna daɓas cikin laka, bindiga a cinya, ido waje. Ya waiga dama, ya waiga hagu.

"Wa ya yi harbi?"

Eino da ya dawo daidai lokacin ya ce shi dai bai ji komai ba.

"Lalle kam," in ji Aune tana cire marufan, "da waɗannan a ka, bindigarka ba ta da ƙara. Saura ka saya wa Ruusu nata, da kajin ƙauye, da Fasto."

"Sanyi ne ya taɓa ta," in ji Urpo daga ƙasa. "Da safe ba haka take ba."

Aune ba ta ko kalle shi ba. Ta juya wajen Reino. "Dajina yana nan, ku yi farautarku. Kun yi min magana ta mutunci. Amma ko daji ko wannan mutumin, ku zaɓa. Ba na son ganinsa da bindiga daga nan har iyakar bishiyata ta ƙarshe."

Reino ya cire hula ya ce ƙa'ida sai an kaɗa ƙuri'a, wanda ya zaɓi daji ya ɗaga hannu. Ban taɓa ganin mutanen ƙauyenmu sun yi abu da sauri haka ba. Har Fasto ya ɗaga, shi da ba ɗan ƙungiya ba. Ni ban ɗaga ba, amma ba zan ce hannuna bai motsa ba.

A mota bai ce komai ba har gida. Na yi zaton zan ji daɗin shirun, sai na ji babu daɗi.

Asabar, ranar farauta, ta zagayo, maharba suka shiga dajin Aune tun da sassafe. Na tashi ban gan shi a ɗaki ba. Yana zaune a kan matakalar ƙofa cikin sanyi, sanye da jar rigarsa ta farauta da ya saba sawa tun kafin a haifi Outi, ya kifa marufan a ka, ya murɗa su har ƙarshe, ya fuskanci daji. Can nesa kare yana haushi. Na kawo masa kofi na zauna kusa da shi. Duk haushin da nake ji sai ya bi iska, tausayinsa ya kama ni, don ban san Urpo ba tare da Asabar ɗin nan ba, shi ma bai san kansa ba.

Aka yi harbi ɗaya daga nesa.

"Ta Reino ce," ya ce. "Ya sa salansa, amma bai iya murɗawa ba, ji yadda take ƙara."

Aka ƙara wani.

"Eino. Ya kuskure. Daga jin sautin ka san ya kuskure."

Ya goge ido da bayan hannu ya ce iska ce. Babu iska ranar. Muka zauna har kofin ya huce a hannunsa, kare ya yi shiru, daji ya yi tsit.

"Sirkka," ya ce, a hankali, irin muryar da na manta yana da ita. "Kina ganin in an kasa nama za su tuna da ni?"

Na ce masa za su tuna. Wa zai manta.